Kati Hamsin da Biyu, Mutum Huɗu

Wuta ta dawo da ƙarfe uku da 'yan mintuna. Fanka ta fara juyawa a shagon kafintoci, Maigida ya shigo daga sayen katako ya ce kowa ya koma bakin aiki. Dogo, babban kafintan shagon, ya shiga sito don ya ɗauko sabon injin goge katako, wanda ko wata biyu bai yi da zuwa ba. Sai ga shi ya fito da akwatin injin a hannu ɗaya yana kaɗa shi.

"Maigida, akwati dai ga shi. Abin da ke ciki ne ban gani ba."

Nan da nan maƙwabta suka cika ƙofa, kowa da nasa zancen. Makullin sito a ofis yake rataye jikin ƙusa, kuma mutum ɗaya aka gani da shi ran nan, wato Iya mai shara, wadda ke share siton kullum da ƙarfe biyu da rabi. Ma'aikatan nan huɗu kuwa, Dogo da Mai Kushin da Mai Fenti da Direba, bakinsu ya zo ɗaya. Suka ce tun da aka ɗauke wuta da sha biyu da rabi suna rumfar gefe suna karta su huɗu, ko fitsari babu wanda ya tashi yi.

Maigida ya tsaya a bakin ƙofa, a gaban duk 'yan layin, ya nuna Iya da yatsa ya kira ta ɓarauniya. Ya ce ya ba ta zuwa ƙarfe shida. In inji bai fito ba, 'yan sanda za su zo, kuma ta kwashe komatsanta daga ɗakin bayan shago, ɗakin da mahaifinsa ya ba ta shekara goma sha tara da suka wuce, lokacin da mijinta ya rasu.

Telan da ke shagon gefe ne ya ce, "Kafin a kai ga 'yan sanda, a kira Baba Mai Sawu mana."

* * *

Baba Mai Sawu ya zo da sandarsa da gilashinsa mai ɗaurin zare. Da ƙuruciyarsa dabbobin sata yake bi, har ya kwana uku a kan sawu ɗaya. Yanzu ido ya rage, gwiwa ta ƙi, amma halin nan bai bar shi ba: duk abin da ya gani sai ya ƙirga, kuma bai taɓa yarda da maganar da mutane da yawa suka faɗa iri ɗaya ba.

Ya leƙa sito, ya ga siminti tas, ko ƙura babu.

"Ka gani ko, Baba?" in ji Maigida. "Ta share sawunta da hannunta."

"Jiya ta share?"

"Ta share."

"Shekaran jiya fa?"

"Kullum tana sharewa."

"To yau ma kullum ce," in ji Baba, ya wuce.

Ya sami Iya zaune a ƙofar ɗakinta, hannuwa a cinya. Ba ta kuka.

"Iya, da kika shiga, akwatin yana nan?"

"Yana nan a kan kanta, Malam, a rufe. Ni me zai sa in buɗe? Ko kunna shi ban iya ba. Ƙararsa ma tsoro take ba ni."

"Da kika ɗauko makulli, a inda kika saba kika same shi?"

Ta ɗan yi tunani. "A ƙusar ƙasa na same shi. Ni a ta sama nake ratayewa. Na ce ko Maigida ne."

Baba ya auna maganar a ransa. Zai yiwu gaskiya ce, zai yiwu kuma tsohuwar ta fi yadda ake ganinta wayo. Ya taɓa ganin ɓarawon da ya fi kowa hawaye, ya kuma taɓa ganin mai gaskiyar da ya kasa haɗa magana biyu.

Ofis da sito suna kusa da ƙofar baya, inda ba a hangowa daga rumfa. A wajen ƙofar ƙasa ce mai laushi, nan ya ga sawun takalmin roba, duga-dugan sun nutse sosai, alamar mai kaya a kai. Ya sunkuya ya duba shi da kyau, irin na dā. Ya bi sawun ta lungu, ya tsallake kwata, mutane na biye da shi a baya, har wani gida mai kejin kaji. Mai gidan ya fito, da ya ji abin da ya kawo su ya zazzage buhunsa a gabansu. Garin katako ne zalla, wanda yake kwasa kowace rana yana shimfiɗa wa kajinsa. Sawunsa da garin da ya zube daga buhunsa sun riga sun rufe duk abin da ke ƙofar baya. Baba ya ba shi haƙuri, ya dawo yana jin haushin gwiwarsa. Ƙarfe huɗu ta wuce.

* * *

Rumfar gefe ba wani abu ba ce: tebur mai ƙafa ɗaya gajeriya da aka tokare da guntun katako, benci biyu, tsohon rediyo a kusurwar tebur, da gwangwanin fenti da ake ajiye karta a ciki. Bangon kuwa cike yake da zanen alli. Maigida ya ce haka suke yi, duk wanda ya ci zagaye shi zai tashi da kansa ya ja layi a ƙarƙashin alamarsa, kowace rana da gurbinta.

Baba ya matsa kusa ya ƙirga na yau. Dogo biyar. Mai Kushin huɗu. Direba uku. Mai Fenti babu ko ɗaya.

"Zagaye goma sha biyu," ya ce a hankali. "Maigida, fito da wayar nan taka. In mutum huɗu suna wasa, ƙarfinsu ɗaya, kowane zagaye ɗaya ne zai ci, uku su tashi hannu wofi. Ka ga rashin ci sau ɗaya ba komai ba ne, uku ne cikin huɗu. Amma a jere har sha biyu? Danna mini uku bisa huɗu, ka yi ta ninka shi da kansa sai ka cika sha biyu."

Maigida ya yi ta dannawa yana motsa baki. "Kusan uku cikin ɗari."

"Wato in an yi irin wannan zama sau ɗari, sau uku ne kawai mutum zai tashi haka fayau."

Idon Maigida ya buɗe. "Ke nan ba ya wurin! Mai Fenti ne! Dama ni yaron nan..."

"Ban ce ba. Kira mini shi, kai kuma ka ba mu wuri."

Mai Fenti ya zo yana goge hannu a jikin riga, gajere mai yawan murmushi, amma yau murmushin ya ƙi zama.

"Ɗana, zagaye sha biyu, ko ɗaya ba ka ci ba?"

"Ni, Baba?" Sai dariya ta ƙwace masa. "Ai rabona da ci tun kafin a sake rufin rumfar nan. Duba can baya ka gani. Su Dogo cewa suke in na zauna, benci ne ya samu kati."

Baba ya bi bangon da sanda, jiya, shekaran jiya, makon da ya wuce. Gurbin Mai Fenti fayau, sai wani layi ɗaya tilo can da nisa, wanda aka zagaye shi da alli aka yi masa ado kamar fure. Baba ya ji kunya ta ɗan kama shi. Lissafin waya na masu ƙarfi ɗaya ne, wannan bawan Allah kuwa ko zagaye ɗari aka yi haka zai tashi.

"To me ya sa kake yi?"

"Zaman ne da daɗi, Baba."

"Ku huɗu kuka zauna yau?"

Murmushin ya ɗauke. Ya dubi ƙasa. "Mu huɗu."

Mai Kushin bai ba shi komai ba sai gajerun amsoshi, yana yi yana tsinkar zare daga hannun rigarsa. Mu huɗu. Babu wanda ya tashi. Direba kuma ya amsa da natsuwa, har da ba Baba benci mai kyau, ya ce shi dai tausayin Iya yake ji, tsufa ne, wataƙila wani ya yaudare ta. Mu huɗu, Baba, babu wanda ya tashi.

Kalma ɗaya, jeri ɗaya, daga baki uku. Baba ya san mutane ba sa tuna abu iri ɗaya sai in sun zauna sun shirya yadda za su tuna shi.

Dogo ne na ƙarshe. Baba bai tambaye shi inji ba. Ya ce, "An ce kai ne gwanin wurin nan."

"An faɗa maka gaskiya." Dogo ya gyara zama. "Yau ma, Baba, da ka ga wani hannu da na samu. Sarakuna huɗu, duka huɗun, a hannuna! Ban da su ga jajaye takwas a jere kamar 'yan makaranta, sai wasu tarkacen baƙaƙe biyar da na yi ta jefarwa. Mai Kushin har cewa ya yi na yi tsafi."

"Ikon Allah," in ji Baba. A ƙarƙashin tebur yatsunsa suna aiki. Huɗu da takwas, sha biyu. Da biyar, sha bakwai.

"Kati nawa ne a kartar duka?"

"Hamsin da biyu. A rabe su tas, kowa ya riƙe nasa."

Da Dogo ya tafi, Baba ya zauna yana lissafi. Hamsin da biyu a raba wa huɗu, sha uku-uku ne. Sha bakwai ba rabon mutum huɗu ba ne. Amma Dogo mai cika baki ne, irin wanda zai kama kifi ɗaya ya ce bakwai, ba a kama mutum da alfaharinsa kaɗai. Ya buɗe gwangwanin, ya zube katin a tebur, ya ƙirga sau biyu. Sannan ya mayar ya rufe, ya tashi ya koma bango, ya kusan manna hancinsa a kan layukan alli. Ya daɗe a nan.

* * *

Biyar da rabi ya ce a tara kowa a rumfa. Maigida ya tsaya yana duban agogo, Iya ta raɓe a jikin ginshiƙi, ma'aikata huɗu suka jeru. Tela da sauran maƙwabta suna leƙe ta saman katanga.

"Ni dai na gaza," in ji Baba. "Siminti ba ya riƙe ƙafa. Amma kafin in tafi, ku koya wa tsoho wannan wasa, in ga abin da ke hana ku tashi ko fitsari. Dogo, kai da Mai Kushin da ni. Mu uku."

"Baba, wasa za ka yi mana? Shida ta kusa," in ji Maigida.

"Zagaye ɗaya ne."

Dogo ya saki ajiyar zuciya, ya jawo gwangwani. Hannunsa ya san aikinsa, bai jira kansa ba. Maimakon ya raba, sai ya baje katin yana bincikawa da babban yatsa.

"Me kake nema?"

"In mu uku ne sai an cire ɗaya, Baba. Hamsin da biyu ba ya rabuwa uku, ɗaya ke saura. In an cire, sai kowa ya samu sha bakwai. Akwai wani baƙin biyu mai yagaggen kunne, shi muke cirewa, don kowa ya san shi ko ta baya." Ya sake bi daga farko. "Kai, ina ya shiga?"

"Ai yana ƙarƙashin rediyo tun ɗazu, kai ka sa shi da..." in ji Mai Fenti. Sai ya kama bakinsa da hannu biyu.

Baba ya miƙa sanda ya ture rediyon gefe. Ga baƙin biyu nan kwance, da yagaggen kunnensa.

"Na ƙirga gwangwanin nan ɗazu, hamsin da ɗaya na samu," ya ce.

"Tun jiya yake nan," in ji Direba da sauri. "Mantawa aka yi."

"Iya, yaushe kika goge teburin nan?"

"Yau da safe, Malam. Kullum sai na ɗaga rediyon, saboda garin katako yana taruwa a ƙarƙashi. Babu komai a wurin."

"To ko da jiya ne," in ji Baba, "hamsin da ɗaya a raba wa huɗu, sha biyu-biyu, uku su yi saura. Ina kuka kai ukun? Kai Dogo, ɗazu ka ƙirga mini hannunka da bakinka. Sarakuna huɗu, jajaye takwas, baƙaƙe biyar. Nawa ke nan?"

Dogo ya motsa baki yana haɗawa, sai fuskarsa ta sauya.

"Mutum uku suka yi karta a nan yau. Saura wane ne na huɗun." Baba ya dogara sanda ya je bango. "Maigida, zo ka gani da idonka, nawa sun tsufa. Wanda ya tashi sau biyar ya ja layi, sau biyar ya tsaya tsayuwa dabam. Dubi na Dogo, wannan dogo, wannan gajere, wannan ya karkace don yana dariya. Dubi na Mai Kushin, ɗaya ma da wani guntun alli aka ja shi, ya fi kauri. To dubi waɗannan ukun. Tsayi ɗaya, kauri ɗaya, tazara ɗaya, duk sun kwanta gefe ɗaya. Wannan mutum sau ɗaya ya tsaya, hannunsa bai sauka ba sai da ya gama. Mai Fenti ba shi da layi don bai iya ba, kuma babu wanda ya damu ya ƙirƙira masa. Wanda ya ji tsoron a ga gurbinsa wofi shi ne wanda ya saba ci."

Kowa ya juya ya dubi Direba.

"Ƙarya ne! Layi layi ne, wa ke auna alli?"

Mai Kushin ne ya fara karaya. Ya daina tsinkar zarensa ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Cewa ya yi matarsa ba lafiya, zai kai mata magani ya dawo. Maigida kuma ya rantse in ya ƙara fita lokacin aiki ya kore shi. Shi ne ya roƙe mu, ko wa ya tambaya mu ce mu huɗu ne. Ya fi awa ɗaya bai dawo ba. Da ya dawo ya ja layukan nan, wai ko Maigida zai duba bango."

"Wallahi ba mu san da maganar inji ba," in ji Dogo. "Da abin ya fito kuma mun riga mun faɗa a gaban jama'a, sai muka rasa yadda za mu janye."

Direba ya dubi katanga, ya ga kawuna, ya dubi ƙofa, ya ga tela ya zagayo ya tsaya a ciki. Sai ya zauna a benci. Ya ce injin yana shagon ƙanensa, can unguwar da ba a ɗauke musu wuta ba. Ƙanen yana da ƙofofi shida da zai miƙa gobe, nasa injin ya ƙone. Niyyarsa ya mayar gobe da sassafe, bai zaci za a dawo da wuta yau ba.

"Aro ne, Maigida. Wallahi aro ne."

"Da ƙarfe uku aro ne," in ji Baba. "Da ka tsaya kana kallo ana kiran tsohuwar nan ɓarauniya, har kana ce mini tausayinta kake ji, sunan abin ya canza."

Maigida ya tura Mai Kushin da tela su raka Direba su ɗauko injin, ya ce maganarsa da shi sai sun dawo. Sannan ya juya wajen Iya, yana sosa ƙeya.

"Iya, a yi haƙuri. Ɓacin rai ne. Ɗakinki naki ne, aikinki yana nan."

Baba ya zaci za ta yi godiya ta wuce, don tun da ya zo bai ji ta ɗaga murya ba. Amma ta saki ginshiƙin ta matso. Ta fara duban Dogo, ta daɗe tana dubansa, har ya sunkuyar da kai.

"Kai da nake ce wa ɗana," ta ce.

Sai ta juya ga Maigida. "Ranar da aka fara kawo ka shagon nan, ni na riƙe ka ubanka yana aiki. Ba a rumfa ka kira ni ɓarauniya ba. A bakin ƙofa ka faɗa, duk layin nan suna ji. Can za ka je ka ba ni haƙurin."

Maigida ya dubi Baba kamar mai neman ceto. Baba ya cire gilashinsa yana gogewa da gefen riga, kamar bai ga komai ba.

Haka Maigida ya taka har bakin ƙofa, Iya na biye da shi a hankali. Mutane suka dare. Ya gyara murya ya ce Iya ba ta ɗauki komai ba, shi ya yi kuskure.

Wata mata daga can bayan taro ta ce, "Mu nan ba mu ji ba. Ɗazu kuwa har cikin gida muka ji."

Maigida ya cika ƙirjinsa da iska, ya sake faɗa da irin muryar da ya yi ta farko.